Harawar da Na Ɗauko daga Gashuwa

Nguru zuwa Gashuwa

Ana idar da sallar asuba na fito tasha. Bijimin Yaya Falmata ne ya tayar da ni. Tun rasuwar mijinta ta kawo mini shi in turke, a sayar gab da Babbar Sallah a yi wa ɗakinta rufi kafin damina ta kankama. To, harawata ta ƙare, ta kasuwarmu ta yi tsadar rashin imani, ga sa ya fara nuna haƙarƙari. Kawu Sale kuwa ya aiko daga Gashuwa cewa yana da ta gyaɗa da ta wake jibge a kan rumfa.

Motar ba ta cika ba sai da rana ta ɗaga. A shingen jami'an tsaro kusa da Jajimaji aka leƙa mu aka ce mu wuce. Taya ce ta ƙi mu wuce, muka yi zaman faci a gindin aduwa.

Gashuwa

Na iso da la'asar. Matar Kawu ta cika ni da shinkafa da miyar busasshen kifi, sannan muka hau rumfa. Harawa kore shar, ganye dam. Raina ya yi fari.

Kawu ya ce lodin harawa sai da sassafe. Za a yayyafa mata ruwa da asuba ta yi laushi, a ɗora kafin rana ta taɓa ta, don in ta bushe ƙarau ganyen zubewa yake, kuma ganyen ne abincin. Na sami wani direban a-kori-kura, Ɗanjuma, ya rantse mini zai riga liman tashi.

Da asuba muka yayyafa. Hantsi ya yi, babu Ɗanjuma. Na kira har wayata ta yi zafi. Sai bayan azahar ya ɓullo yana sakace, wai ya ɗan leƙa Dapchi da kayan wani. Ɗan leƙawa!

Kawu ya murza ganye ɗaya, ya zama gari. Ya ce a bari sai gobe.

"Baba, gobe ina Damaturu," in ji Ɗanjuma. "Yanzu ko a fasa."

Sa na gida da yunwa, wata motar kuma babu. Na ce a loda. 'Yan lodi suka dinga cilla dammuna kamar da gayya, ni kuwa ina ta "a hankali" har muryata ta dishe.

Komawa

Ba mu bar gari ba Ɗanjuma ya tsaya ya ɗora buhunan shinkafa a kan harawar. Na yi magana, ya ce ai ciyawa ba ƙwai ba ce. A mararrabar Dagona ya ƙara fasinja huɗu, suka haye suka baje. Duk ramin da muka faɗa, ina hango koren gari ta madubi yana bin iska. Takaici ya hana ni ko shan ruwa.

Mun shiga Nguru gab da magariba, alhamdu lillahi, lafiya lau, in ban da harawar. Da aka sauke, kara ne zalla. Bijimin ya shinshina ya kawar da kai.

Yaya Falmata na tsaye a wurin. Ta ɗauko tsintsiya, ta hau bayan motar da zaninta, ta share garin ganyen da ya maƙale a lungunan bodi. Bai kai rabin kwano ba. Ta ajiye wa san, ya lashe tas, ya ɗago kai yana kallonta.

Sannan ta juya wurin Ɗanjuma ta ce, "Sannu da ƙoƙari, ɗan nan. Allah ya yi albarka."

Shi kuma ya ce amin.