Kullen da Akawu Ta Bari

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar gidansa yana laluben aljihu, gumi na keto masa, a layin nan ya san shagon Mai Makulli. Ɗan tsukukun shago ne tsakanin mai aski da mai sayar da tabarau, mutum uku in suka shiga sai ɗaya ya ja ciki. Bangon cike yake da ƙusoshi, kowace da tarin makullan da ba a yanka ba suna reto. Injin yanka yana kan benci, garin ƙarfe ya yi masa lulluɓi, gefensa magagari da ƙananan sukundireba a cikin gwangwani. A nan ya yi samartakarsa, a nan furfura ta same shi.

Mutum ne mai ƙa'ida har ta yi yawa, kuma ƙa'idojin nasa biyu ne. Ta farko, ba ya fasa kulle. In ka zo masa da guduma a hannu kana cewa a ɓalle kwaɗon kawai a huta, zai dube ka sama da ƙasa kamar ka zagi mahaifinsa, ya ce ka tafi wajen mai walda. Ta biyu, ba ya kallon sirrin kowa. In ya gama gyara akwatin ajiya na ƙarfe, mai shi zai juya lambobinsa, sai ya ba shi baya ya tsura wa bango ido har ya ji ƙarar buɗewa. Yakan ce abin da bai sani ba, ba za a taɓa kama shi da shi ba. Mutane sun yarda da shi saboda wannan, har matafiya sukan bar masa makullin gidajensu.

Matarsa kuwa aikin buga takardu ta yi a wani ofis har ta ajiye aiki. Akawu yake ce mata, tun suna sababbin aure, kuma sunan ya bi ta har 'ya'yansu ma wani lokaci sukan manta su ce Mama. Da zaman gida ya ishe ta, sai ta ɗauko kujerarta ta dasa a kusurwar shagon, ta ce ta zo ta gyara masa hargitsi. Ita ta matsa aka sayo kwamfuta ta kan tebur, mai ƙaton akwati a ƙasa da allo a sama, aka zuba mata tsarin yankan makullan motoci da na ƙofofin zamani, waɗanda ido kaɗai ba ya iya kwaikwayonsu. Ya yi mita, ya yi tsaki, ya ce shi yatsunsa sun ishe shi. Ba a jima ba ya zama shi ne mai cewa, "Akawu, duba mana na wannan motar."

Ita ta saita komai yadda ta ga dama. Da yake shi yake riga ta zuwa da safe, ta sa in an kunna kwamfutar ta shiga kai tsaye ba tambaya. Amma da yake shagon a bakin titi yake, kuma bayanan makullan mutane ne a ciki, ta sa in aka ɗan bar ta ba a taɓa ba, allon ya rufe aiki ya fara nuna hotuna. In ka motsa maus, wato linzamin kwamfutar, hotunan su ɓace, sunanta ya fito da wani farin gurbi a ƙasa yana jiran kalmar sirri. Sai ta miƙa hannu ko kallo ba ta yi, yatsun nan na mai buga takardu su yi tatata a kan kibod, ta buɗe.

Shi kuma duk lokacin da ta miƙa hannun, sai ya juya baya ya kalli bango.

"Malam, wai ni ma?" takan ce tana dariya. "Zo in faɗa maka mana, ba ta da wuya."

"Riƙe abinki. Ni ba na ajiyar sirrin kowa."

"To, ranar da ba na nan fa?"

"Ina za ki je? Kullum kina nan kina cika mini kunne."

Rashin lafiyar da ta ɗauke ta ba ta ja lokaci ba. Da ya sake buɗe shagon, ya kunna kwamfutar ta shiga yadda ta saba, ya yanka wa wani direba makulli, ya juyo. Allon ya cika da fuskar Akawu, tana tsaye a wannan shagon dai da tsintsiya a hannu tana harararsa. Hoton ya shuɗe, wani ya zo: ita da Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ranar da ta gama makaranta. Wani ya zo: shi kansa yana barci a kujera baki buɗe, bai ma san an ɗauka ba. Ya daɗe a tsaye yana kallo. Ya kai hannu ya taɓa maus don ya tsayar da hoton, sai komai ya ɓace, farin gurbin nan ya fito.

Daga ranar rigima ta fara. Ya gwada sunansa, ya gwada sunan kowane ɗa da jika, ya gwada lambar wayarta gaba da baya. Kwamfutar ko a jikinta, sai ta ce ba daidai ba. Ya gwada "Akawu" da babban harafi da ƙarami. Mutumin da bai taɓa tsayawa gaban kulle ya koma gida da kunya ba, ga shi wani farin gurbi ya hana shi shiga cikin shagonsa. Haushi ya turnuƙe shi, ya sunkuya ya fizge filogin daga soket, ya mayar, ya kunna. Ta shiga kai tsaye.

To, sai ya mayar da wannan hanyar aiki. Matsalar ita ce kwamfutar ba ta da haƙuri ko kaɗan. Ya buɗe tsarin makulli, ya juya ga inji, kafin ya gama yanka haƙorin makulli na uku ta rufe. Ya fizge filogi, ya jira ta tashi, ya sake nemo tsarin, mai mota na tsaye yana duba agogo. Wani lokaci hannu ɗaya na kan inji, ɗayan yana miƙa shi yana zungurar maus kamar mai hana jariri barci. Har ya taɓa ɓata makullin mutum ta haka, abin da bai faru da shi ba tun yana koyo.

Masu ba da shawara kuwa ba su yi ƙaranci ba. Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu ya ce a ɗora maus ɗin a kan agogon hannu, wai motsin allurar zai yaudare ta. Aka ɗora, ta rufe. Mai tabarau ya ce ai ƙwayar cuta ce ta shige ta, shi ma wayarsa ta taɓa yin haka. Mai Makulli ya ce masa ya je ya ji da wayarsa.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, in shago ya yi shiru yakan bar ta da gangan. Ya harɗe hannuwa a ƙirji don kada ya yi kuskuren taɓa wani abu, ya zauna yana kallo. Hotunan nan ba su a waya, ba su a bango, wayarta ta lalace tun tana asibiti. Ya bincika iya saninsa bai gano inda ta ɓoye su a cikin kwamfutar ba. Hanya ɗaya ce tak yake ganinta, ita ce ya ƙyale allon.

Fizgar filogi kuma ta fara nuna sakamakonta. Akwatin ƙasa ya soma wata ƙara in an kunna, kamar tsakuwa a cikin gwangwani. Wata safiya allon ya tsaya baƙi ƙirin, wasu fararen rubuce-rubuce na gudu, ya ƙi tashi har mai aski ya gama kai biyu. Mai Makulli ya zauna a gabanta. Ba tsarin makullai yake ji ba, wannan a sake saya ne. Tsoro yake ji, tsoro sosai, kada ya zama shi da hannunsa ya kashe abin da ya rage masa. Da ta tashi daga ƙarshe, ya kira mijin Auta, wanda ake cewa ya san kan waɗannan abubuwa.

Surukin ya zo, ya gaishe shi da ladabi, ya saurari ƙarar akwatin, ya girgiza kai.

"Baba, gaskiya fizge filogin nan ne yake kashe ta. Mafi sauƙi a wanke ta tas a sake zuba komai, a sa maka kalmar da ka sani."

"A wanke? Abin da ke ciki fa?"

"Sai dai a kwashe wanda aka gani tukuna. Wanda ba a gani ba kuma..."

"Wato a ɓalle ƙofar da guduma."

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

"Haka kake nufi. Na gode, ka gaida gida."

Yaron kirki ne, kuma ba ƙarya ya faɗa ba, amma ya fita yana sosa ƙeya. Washegari da hantsi sai ga Auta da kanta, jakar aiki a kafaɗa, fuska a murtuke irin ta uwarta sak.

"Baba, an ce ka kori mijina."

"Ban kore shi ba. Na ce ya gaida gida."

"Kuma an ce wata da watanni kana fizgar filogi, ba ka faɗa wa kowa ba."

"Me zan faɗa? In ce kulle ya gagare ni?"

Ta ajiye jakar, ta zauna a kujerar Akawu, abin da ba wanda ya yi tun bayan rasuwar. Kwamfutar a buɗe take, bai daɗe da kunna ta ba. Ta ce ya tsaya, ita ma ba ta san kalmar ba, kuma ba ta zo nemanta ba.

"To me kika zo yi? Kulle ai da makulli ake buɗe shi."

"Baba, ka tuna ƙofar ɗakinmu na haya, wadda take kulle kanta in iska ta turo ta? Sau nawa na kira ka ina waje da tawul a kai? Me ka ce mini?"

Ya kawar da kai, ita ta ci gaba.

"Ka ce in daina neman makulli, akwai ɗan maɓalli daga ciki, in danna shi tun ƙofar na buɗe, ba za ta sake kulle kanta ba. Har ka ce duk mai hankali ya san wannan."

Maganar da ya yi wa mutane ta fi a ƙirga, yana yi yana musu dariya. Shi kuwa kullum sai ta rufe yake tsayawa a waje yana lalube, bai taɓa tunanin dubawa daga ciki tun tana buɗe ba. Ya ji kamar ya mari kansa.

"To danna mana, kin tsaya kina mini wa'azi!"

Ta shiga saitin allon, ta nemo shafin hotunan da ke fitowa in an bar kwamfuta. A ƙasa akwai wani ɗan akwati da 'yar alama a ciki, an rubuta a gefensa cewa in an dawo a nemi kalmar shiga. Ta danna, alamar ta fita. Shi ke nan. Ya ƙura wa ɗan akwatin ido, bai kai ƙwayar wake ba, ya ja wani dogon tsaki da mai aski ya jiyo ta bango.

A shafin nan dai aka nuna inda hotunan suke, can cikin wata jaka a cikin wata jaka da Akawu ta sa wa suna "Kayan aiki". Auta ta ciro filash, 'yar ma'ajiyar bayanai, daga jakarta ta kwashe su duka, ta ce za ta sa a wanke masa wasu a takarda. Ta gargaɗe shi kada ya bari kowa ya taɓa saitin shiga na safe, tunda kalmar har yanzu ba wanda ya sani. Ta ce kuma yanzu shagon ba kulle a allo, in zai fita ya kashe ta yadda ake kashewa, ba da fizga ba. Ya ce ya ji, ba yaro ba ne.

Suka jira don su gwada. Allon ya dushe, Akawu ta fito da tsintsiyarta. Auta ta sa gefen mayafi ta share ido. Shi ya kai hannu a hankali ya taɓa maus, tsarin makullin ya dawo, ba tambaya.

"Saura abu ɗaya," in ji Auta, ta koma shafin. "Ga lokacin jira. Mama ta sa shi gajere ƙwarai, shi ya sa da ka juya baya take rufewa. In tsawaita maka shi sosai, ka yi aikinka ba ta katse ka ba?"

"In kin tsawaita, hotunan sai an daɗe za su fito?"

"E mana. Ba abin da kake ta faɗa a kai ke nan ba?"

Ya kalli allon, ya kalli injinsa, ya goge garin ƙarfen da ke hannunsa a jikin riga.

"Ana iya rage shi?"

"Rage shi kuma, Baba?"

"Na tambaye ki, ana iyawa ko ba a iyawa?"

Ta dube shi. Ta mayar da lokacin mafi ƙanƙanta da kwamfutar ta yarda, ta ɗauki jakarta.

Tana fita wani mutum ya shigo da kwaɗo a hannu yana sauri, ya ce makullinsa ya karye a ciki. Mai Makulli ya karɓa, ya juya shi, ya ce wane mara imani ne ya murɗa shi haka. Ya ɗauko ɗan ƙarfen zaro karyayye, ya gyara kujerarsa yadda allon zai kasance a gefen idonsa, ya ture maus ɗin can nesa da gwiwar hannunsa.

"Malam, sauri nake yi," in ji mutumin.

"Kowa sauri yake yi. Matsa gefe, ka tare mini."

Mutumin ya waiga bai ga abin da ya tare ba sai allo, ya matsa. Kafin a zaro guntun makullin, Akawu ta riga ta fito tana harararsa.