Ranar da Yaya Ya Zare Abin Kunne

Yayana makaho ne, amma a ofishin sayar da tikitin mota inda yake aiki ba wanda ya kai shi saurin sallamar fasinja. Waya a kafaɗa, yatsu a kan kibod, manhaja tana karanta masa abin da ke allon kwamfuta ta abin kunne. Da wannan kujerar yake riƙe da gidanmu.

Shi ya roƙi manaja aka ɗauki ɗan kawunmu, wanda muke ce wa Ɗan Gayu, aikin kula da shafin intanet na kamfani. Tun daga takalminsa na san ba za a wanye lafiya ba.

Da aka tashi sabunta shafin, Ɗan Gayu ya zaɓo wasu kayan gina shafi masu ƙyalƙyali, komai yana shawagi. Yaya ya ce masa, "Ƙanena, ka duba ko suna bin ƙa'idojin da ake gina shafi a kai. In maɓalli ba shi da suna, manhajata ba za ta gane shi ba."

Ɗan Gayu ya yi dariya. "Haba Yaya, zamani ya wuce nan. Saboda mutum ɗaya za a fasa ci gaba?"

Sabon shafi ya hau, aikin Yaya ya tsaya cik. Duk inda ya taɓa, muryar sai ta ce, "Babu suna." Fasinjoji suka riƙa kashe waya da tsaki. Manaja ya ce in wata ya ƙare a haka, sai dai Yaya ya haƙura da aikin. Ɗan Gayu kuwa har da cewa wai shekaru ne suka fara kama Yaya. Wallahi ranar da na ji, da yana kusa da sai na yaga masa riga.

Yaya ya bari sai da safiyar da mai kamfani ya zo zagaye, ɗakin jira cike da mutane, sannan ya zare abin kunne ya ƙure ƙarar sifika.

"Babu suna. Babu suna. Babu suna."

Mai kamfani ya juyo. "Mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, shafinka ne. Haka yake gaishe ni kullum, ni da duk makahon da ya zo sayen tikiti."

Ɗan Gayu ya sha jinin jikinsa. Nan take aka yanke hukunci: a rushe a sake gini bisa ƙa'ida, kuma kafin a gama, ya jawo kujera kusa da Yaya ya riƙa karanta masa allon da bakinsa.

Na je kallo, ba zan ɓoye ba, kuma na ji daɗi har raina. Ga Ɗan Gayu a takure, murya ta dushe, yana karanto lambar kujera da lokacin tashi, Yaya yana cewa, "Ɗaga murya, ka san shekaru sun kama ni." Ramuwar gayya ai ta fi gayya zafi.

Da fasinjoji suka ɗan tsagaita, Ɗan Gayu ya sunkuyo, idonsa ya ciko.

"Yaya, don Allah ka yafe mini."

Yaya ya gyara zama a kujerarsa, ya ɗora yatsu a kan kibod.

"Karanta layi na gaba."