Kukan Sifika da Baƙona Mai Sayen Zinari

Na yi yawon duniya daidai gwargwado. Na zauna Kumasi, na yi fatauci a Yamai, na yi shekaru a Maiduguri har na iya Barbarci, amma abin da ya fi ruɗa ni a ƙofar gidana ya same ni, a Anka, kuma har in koma ga Allah ba zan manta da shi ba. Yau na'ura ta cika gari, ko ta yi wane irin kuka ba mai waiwayawa. A wancan lokacin kuwa, cikin shekarun dubu biyu da ɗoriya, kwamfuta ɗaya ce a duk unguwarmu.

Ɗan ƙanena ne ya sayo ta daga Gusau. Ya buɗe shago a jikin zaurena, yana buga wa mutane takardu, yana sa karatun Alƙur'ani da wa'azi ta wasu ƙananan sifikoki biyu. Bango ɗaya ne tsakanin shagon da ɗakin baƙi, inda na sauke wani mutumin gabas mai sayen zinari a wajen masu haƙa na Bagega. Mutum ne mai kunya, ba ya son surutu, sai dai mu taɓa hira da Barbarci in ya dawo.

Wata rana ana cikin sauraron karatu sai sifikokin suka ɗauka: dit-dirit, dit-dirit, dit-dirit, sannan zuuu, kamar an jefa gyare cikin gwangwani. Can suka yi shiru. Washegari suka sake. Wani lokaci ma ba a sa komai ba, su kaɗai za su kama.

"Baba, kai da ka ga duniya, mi wanga abu?" in ji ɗan ƙanena.

Na gyara zama. A Kumasi na san rediyo mai shashshaka in wayarsa ta saki, don haka muka canza waya. Bai daina ba. A Yamai na ga janareta yana sa amsa-kuwwa gurnani, sai muka ja namu can bayan gida. Bai daina ba. Muka kashe fanka, muka sake soket, muka aro sifikokin wani malamin makaranta, su ma suka kama kukan. Mai gyaran rediyo na kasuwa ya sa muka haƙa rami muka binne ƙarfe da gawayi da gishiri, muka ɗaura masa waya. Ya tafi yana cewa an gama. Bai kai bakin titi ba suka sake.

Mahaifiyar yaron, wadda duk gidan muke kira Inna, ita ta fara lura. Ta ce abin nan ba ya kuka sai baƙona yana shagon ko yana ɗakinsa. Na yi mata dariya, amma da na sa ido sai na ga gaskiyarta. Ya tafi Bagega kwanaki, shiru kake ji. Ya dawo, ko takalmi bai gama cirewa ba, dit-dirit.

Magana ta fita. Aka ce ai masu harkar zinari ba su rasa aljanin da suke kiwo, kuma abin nasa ne ba ya son jin karatu. Mata suka hana 'ya'yansu bi ta ƙofata. Masu kawo aiki suka ja baya. Inna ta same ni a tsakar gida.

"Alhaji, sallami wanga mutum tun bai kashe ma ɗana kasuwa ba."

"In ce masa me, Inna? Sifika ta yi ƙararsa?"

"Kai ka san abin da za ka ce. Ba kai ka iya yarensu ba?"

Na rasa inda zan sa kaina. Na ci tuwon mutane a ƙasashe da yawa, na san yadda sunan baƙo yake, in ya ɓaci a gari ɗaya sai ya riga shi isa gari na gaba. In na kore shi da wannan tambari, ba wanda zai sake ba shi masauki daga nan har Gummi. Ga shi kuma kunnena yana jin abin da kowa ke ji, kuma ba ni da bayani.

Baƙon da kansa ya kawo ƙarshen jan-in-ja. Bayan sallar Juma'a ya samu dattawa a shagon, ya ce ya ji abin da ake faɗa, a kawo Alƙur'ani ya rantse, in ba a gamsu ba ya kwashe kayansa. Ya tuɓe babbar rigarsa ya rataya a ƙusar da ke saman teburin kwamfuta, ya ɗauki buta ya fita sabunta alwala.

Yana can waje, sifikokin suka ƙwalla kukan da ba su taɓa yi ba. Wani dattijo ya yi tsalle ya bar takalminsa. Inna ta leƙo daga zaure tana salati.

"Kun gani? Hatta rigar tashi!"

Ni kuwa ina kusa da rigar, sai na ji tana wani ɗan gurnani, aljihunta yana rawa. Ba zan ɓoye ba, sai da na ja da baya. Na kira baƙon da Barbarci na ce, ɗan'uwa, me ke cikin aljihunka? Ya shigo hannu da lema, ya zaro wayar salula, ashe kiransa ake yi.

Lokacin ba a daɗe da kafa ƙarfen sabis a garin ba, masu waya ba su da yawa kuma ba sa zama a shagonmu. Shi ya kashe mata ƙara ya ɓoye, don kada a ce mai kuɗi ne. Bai taɓa kawo wa ransa cewa tana da alaƙa da sifika ba. Ɗan ƙanena ya ce ya kira wani mu gani. Baƙon ya danna, dit-dirit. Ya fita da ita tsakar titi ya sake kira, shiru. Ya dawo kusa da tebur, suka ɗauka. Haka muka yi ta sa shi shiga da fita, dattawa na binsa da ido kamar masu kallon wasan kura.

Inna ce ta fara magana.

"To, Malam, wanga abu yana kaiwa Legas? Ina da ɗiya can."

Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya miƙa mata. Rantsuwar da ba a yi ba kenan. Ya ci gaba da zama a ɗakinsa, sai dai ya mayar da shimfiɗarsa ɗaya bangon, nesa da sifikokin.

Abin da na koya shi ne, in abu ya gagari fahimta, baƙo ake fara kallo, kuma ko an ga yana faruwa in mutum na nan, wannan bai sa ya zama mugu ba. Daga ranar, a unguwarmu, in na'ura ta yi kuka aljihu ake dubawa, ba asalin mutum ba.