Rabin Ƙwayar da Na Ba Duna

Ranar wata Laraba ce, a daminar da nake aji huɗu, na dawo daga makaranta a jiƙe na tarar da Duna kwance a bayan randa, ba ta taso ta goga jikinta a ƙafata ba kamar yadda ta saba. Duna magena ce, baƙa wuluk, na tsince ta tana 'yar mitsitsiya a bakin kwata a unguwarmu ta Magajiya. Gidan haya muke, Baba yana fita aiki Abuja tun da asuba. Ranar da na kawo ta Inna ta ce, "Bakin da kika ƙaro, ke za ki ciyar da shi." Haka kuwa aka yi. Kuɗin tarata a kan kifi yake ƙarewa, ƙawayena suna cin awara ina ce musu na ƙoshi. In na gama wanke-wanke da ɗebo ruwa, sai in goya ta da ɗankwali, da ita a bayana nake yin 'yar gala-gala.

Ranar Larabar nan na taɓa ta, jikinta zafi rau. An ce akwai likitan dabbobi, amma kuɗin ganinsa ya fi cefanenmu na sati, kuma wa zai kai mage asibiti ba a yi masa dariya ba? Inna ta ga ina kuka, ta ɓallo farasitamol ɗin da take ba mu na zazzaɓi, ta raba biyu. "Abin da ya warkar da yaro zai warkar da ita." Ni na daka, ni na dama a nono, ni na buɗe bakinta na ɗura tana ture hannuna. Washegari fuskarta ta kumbura, tana numfashi da ƙyar. Sai na ƙara mata ɗaya rabin. Kafin la'asar ta mutu a cinyata.

Sai bayan aurena wata maƙwabciyata nas ta faɗa cikin hira cewa ƙwayar nan guba ce ga mage. Na tashi na shige ɗaki. Inna kuwa har ta rasu ban gaya mata ba.

Yanzu 'yata Hafsa ta ga 'ya'yan mage a maƙwabta, kullum sai "Umma, ɗaya kawai." Ina ce mata kifi ya yi tsada, kuma gaskiya ne. A da ba mu da komai, amma ban san tsoro ba. Yau ko jikin Hafsa ne ya ɗan yi ɗumi, sai na juya kwalbar magani sau goma kafin in zuba a cokali. Har yanzu ban yarda da hannuna ba.