Muryar Malam a Tsohuwar Tabilet

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Rijiyar Zaki, ni da ƙanwata da wani abokina da ya ɗauke mu a motarsa. A jakata akwai sabuwar tabilet, da memori, da batirin ajiyar caji da na cika tun jiya.

Ga dalilin tafiyar. Mahaifinmu, Malam, Allah ya ji ƙansa, ya daɗe yana karantar da littattafan fiƙihu a zaurensa, a wani ƙauye da ke yankin Shanono. A shekarunsa na ƙarshe ɗalibansa sun riƙa naɗar karatun a wata tabilet da na saya masa. Da ya rasu bara, tabilet ɗin ta koma hannun mahaifiyarmu, Inna. Makon jiya aka turo mini hoton tabilet ɗin: batirin ya kumbura har ya ɗaga gilashin. Na nuna wa wani mai gyara, ya ce duk kunnawar da aka yi mata tana iya zama ta ƙarshe. Kuma babu kwafin karatun a ko'ina. Na ce a aiko da ita Kano, Inna ta ce allon Malam ba zai bar gidan ba. Dole mu ne za mu je.

Mun bi titin Gwarzo. Da farko gidaje ne da ba a yi wa rufi ba, tsaye a tsakiyar masara, da tarin bulo a gefe. Can gaba gini ya ja baya, gona ta karɓi gari. Gero ya fitar da kai, dawa ta kai ƙirji, an cusa wake da gyaɗa a tsakani, babu tafin ƙasar da aka bari. Kafin ka bar wannan ƙauye ka hango rimin na gaba. A Rimin Gado muka tsaya karin kumallo. Ƙosan ya yi daɗi, sai dai ya ƙanƙance ƙwarai, har abokina ya tambayi mai tuyar ko da cokalin shayi take zubawa. Ta ce ya fara tambayar masu wake. Daga nan har Gwarzo bai bar maganar tsadar mai ba. Ni dai ina amsa masa da ka, idona yana gabas, inda hadari ya fara haɗuwa. Ƙauyenmu babu lantarki, da hasken rana ake caji.

Bayan mun sauka daga kwalta, ruwan sama ya zaizaye hanya, mota ta kasa wuce wani kududdufi. Muka bar ta a gindin ɗorawa muka ƙarasa da ƙafa ta burtali, muna raɓe wa shanu. Na rungume jakar a ƙirji kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ni ne ɗan fari a gidan, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe. Sauran magana duk ta bakin ƙanwata take bi. Da aka gama gaisuwa da maƙwabta aka sha fura, ta shiga ɗaki ta ɗauko tabilet ɗin daga saman littattafan Malam, a naɗe cikin gafaka.

"Ki tambaye shi ko yana da alwala," in ji ta.

Na ce ina da ita. Sannan aka miƙo mini.

Abin ya fi yadda na gani a hoto. Bayanta ya yi ciki, tana da ɗumi tun kafin a kunna ta. Ajiyar girmamawar da aka yi mata, a naɗe a ƙarƙashin rufin kwano, ita ta ƙara wa batirin zafi. Na sa mata caji, sai da na karkata wayar na danne da yatsa sannan ta kama. Gilashin ya yi haske.

Niyyata ita ce abin da masu gyara ke kira bakof, wato a kwafe komai a ajiye a wani wuri daban, daga can a zuba a sabuwar. Hanya mafi sauƙi ita ce ta intanet. Amma mai shagon da na saye ta ne ya buɗe mata imel tun farko, kuma babu wanda ya taɓa tambayarsa lambar sirri. Ko da an sani ma, sabis a gidanmu sai an hau kan katanga. Saura memori. Na saka shi, na buɗe inda muryoyin suke. Ɗaliban sun yi aiki mai kyau: kowane littafi da foldarsa, kowane darasi da sunansa. A can ƙasa kuma akwai wata folda da suka rubuta wa Kuskure, inda suke tura abin da aka naɗa ba da niyya ba. Na dubi batirina, ya riga ya fara raguwa, rana kuma ta ɓuya. Na zaɓi littattafan duka, na bar Kuskure.

Kwafar ta ɗauki lokaci. Layin da ke nuna ci gaban aikin yana jan ciki, ya tsaya, ya ɗan motsa. Yatsana ya sage a kan wayar caji amma ban isa in saki ba. Ƙuda ya sauka a hancina, ƙanwata ce ta kore shi. Aka kira azahar, muka yi canjin hannu da abokina a hankali kamar masu miƙa jariri, na je na yi salla. Allah ya gafarta mini, rabin hankalina yana kan tabarmar nan. Ana fara yayyafi aikin ya kammala. Na cire memorin, tsohuwar ta ɗauke da kanta. Na zuba komai a sabuwar, na buɗe darasi ɗaya. Muryar Malam ta cika tsakar gida da bisimilla. Sai a lokacin na san ashe rigata ta jiƙe da gumi.

Ƙanwata ta kai wa Inna sabuwar. Inna ba ta karanta boko, da ido da yatsa take gane wuri. Ta ja gilashin har ƙasa, ta duba, ta sake ja. Ta miƙo ta.

"Ba ya ciki."

"Inna, duk karatun yana ciki, Yaya ya duba."

"Ni ba karatun na ce ba."

Ta tashi ta shige ciki. Ƙanwata ta bi ta ɗaki, suka ɗan jima. Da ta fito ta raɗa mini cewa abin da Inna ke saurara kullum bayan asuba yana cikin na ƙasan nan da na bari. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, balle ni.

Na mayar da memorin cikin tsohuwar, na danna makunni. Shiru. Batirin ajiyata saura ɗigo ɗaya. Abokina ya ɗauki faifai ya riƙa yi mata fifita, ni kuma ina juya wayar caji ta kowace fuska. Ruwa yana dukan kwano. Ban san ko sau nawa na danna ba, amma can sai ta yi wani haske dishi-dishi. Nan take na zaɓi Kuskure. Ba ta da nauyi, amma ban taɓa ganin layi mai nawa irin wannan ba. Yana kaiwa ƙarshe gilashin ya yi baƙi. Har muka baro garin ba ta sake kunnuwa ba.

Dole in tabbatar ya kwafu, saboda haka na buɗe a sabuwar. Malam ya rufe darasi da addu'a, ɗalibai suka watse, aka manta ba a kashe naɗin ba. Ana jin takalma, da kukan akuya. Sai muryarsa, ba irin ta karatu ba: "Mutanen cikin gida, yau kunun nan ya ga tsamiya kuwa?" Daga nesa wata murya ta amsa cikin dariya: "Sha ka ji mana, Malam."

Inna ta fito ta karɓi tabilet ɗin daga hannuna, ba ta bakin kowa ba. "Ya isa," in ji ta. Ta shige ɗaki ta saki labule.

Bayan la'asar ruwa ya ɗauke, muka kama hanya. Mun tarar da motar a inda muka bar ta, kaji sun fake a ƙarƙashinta. Muka shigo Kano ana kiran magariba.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne, amma zan riƙe shi. Kada a jira sai batiri ya kumbura. Kada a bar wa mai shago lambar sirri. A ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, kamar yadda yanzu karatun Malam yake a ƙauye, da kwamfutata, da hannun ɗalibansa. Kuma kafin ka zaɓi abin da za a kwafa, ka nemi sanin me mai kayan ke tsoron rasawa, ko da ba zai iya faɗa maka da bakinsa ba.

Foldar Kuskure ma tana cikin kwamfutata, don tsaro. Ban sake buɗe ta ba. Ba tawa ba ce.