Mabuɗin Akwatin Nata'ala

Allah Ya kai rahama kabarin Nata'ala mai gyaran waya. Shekara goma sha huɗu ina tuyar ƙosai a ƙofar shagonsa a Maigatari, don haka duk wanda ya ce ya fi ni saninsa, in ba matarsa Rakiyya ba, faɗa kawai yake yi.

Ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Sule Tankarkar. Shan inna ya taɓa masa ƙafar hagu tun yana goye, ya tashi da ɗingishi. Da ubansa ya ga wannan ba zai yi huɗa ba, sai ya sallama shi ga boko, wai ko ya samu abin da zai ci a zaune. Da rediyon maƙwabta ya fara, ya kashe uku kafin ya tayar da ɗaya. Daga nan sai Gumel, daga Gumel sai Kano. Ya dawo da takarda da wata jaka cike da tarkace, ya kama shago kusa da tasha. Ranar da ya zo na ce masa hayaƙina zai dame shi. Ya ce, "Iya Yelwa, in dai da ƙosai a ƙarƙashin hayaƙin, mun shirya."

Mu garin iyaka ne. Da wuya ka shiga gida ba a ce maka wane ya tsallaka ba, wani Damagaram, wani Agadas, wani ya wuce inda ba mu san sunansa ba. Mutum yana tsallakawa zai canja layi, lambar da ya bar wa uwarsa ta mutu. Wani a sace masa waya, duk saƙonninsa su bi ɓarawo. Ga 'yan damfara da ke ƙwace wa mutum lamba su riƙa magana da bakinsa. Mu kuwa tsofaffi da ba mu da babbar waya, sai mu ari ta jika ko ta maƙwabci, kafin la'asar unguwa ta san abin da ɗanka ya faɗa maka.

Ɗana Ilu yana cikin waɗanda suka tafi. Haƙar zinare ya tafi a Jado, can bayan Agadas.

Wata rana Nata'ala ya zo da wata tsohuwar kwamfuta a bayan babur, ko fuskar kallo ba ta da shi. Shi saba yake ce mata, ni kuwa akwati. Ya ɗora ta a kan bulo a lungun shago, ya haɗa mata sola da batir biyu. Mako uku yana abin da ya kira saiti, yana danne-danne yana tsaki, ƙosansa na hucewa.

Na ce, "Kai gurgu, wannan kuma wace amarya ce ta hana ka cin abinci?"

"Gidan saƙo ne, Iya. Namu na kanmu. Mutum da sunansa zai shiga, ba da lamba ba. Ko layi goma ya canja, ɗakinsa na nan."

"To me ya hana ka gamawa?"

"Ƙofofi nake rufewa. Abin nan yana da ƙofa dubbai. Biyu kawai zan bari."

"Gida mai ƙofa dubu? Maginin nan a kai shi a duba kansa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ya nuna mini hoton wani ɗan kwaɗon kulle ƙofa, kore, a saman fuskar waya. Ya ce muddin kwaɗon nan na rufe, magana za ta tashi daga Agadas ta iso nan ba wanda ya saurara a hanya. Amma kwaɗon da takardarsa yake tafiya, satifiket, kuma duk wata uku sai an sabunta. In ta mutu, waya za ta ƙi shiga gidan, don ba ta da tabbacin gidan ne ko na ɓarayi. An ce masa na'urar za ta iya sabuntawa da kanta, ya ce shi bai yarda da abin da bai gani da idonsa ba. Da alli yake rubuta ranar a bango.

Mu marasa waya ya ware mana wata guda a shago, da abin sawa a kunne. Kowace da kalmarta ta sirri. Ya saita ta yadda in ka gama ji, ba abin da zai saura a cikinta, don kada mai zuwa bayanka ya ji. Komai yana cikin akwati.

Wani attajirin shanu ya taɓa zuwa yana so a jiyar da shi abin da matarsa ke faɗa wa ƙaninta. Nata'ala ya ce ba zai yiwu ba. Mutumin ya ce, "Ka san ko ni wane ne?" Ya ce, "Na sani, Alhaji. Naka ma ba na jiyar da ita." Ni ko na ɗaga murya na ce wa mai sayen ƙosai, mai son jin sirrin mata ya ɗaura zane ya shigo cikinmu. Bai sake bi ta layin ba.

Saƙo goma sha bakwai Ilu ya aiko cikin shekara biyu. Daga na goma sha bakwai shiru. Yau shekara huɗu. Wasu sun ce rami ya rufta, wasu sun ce mota ta ɓata a sahara. Ban ga gawa ba, ban ga mai shaida ba. Abin da ya rage mini na ɗana muryar nan ce. Duk Jumma'a da hantsi sai Nata'ala ya ajiye aikinsa ya ce, "Iya, zo ki gaisa da mutuminki." Ya sa mini abin kunne, ya fita waje ya tsare mini kasko. Ƙosai da yawa ya ƙona mini. Ban taɓa yi masa faɗa a kan wannan ba.

Akwatin kanta a kulle take. Ya ce ko ɓarawo ya ɗauke ta ba abin da zai samu, don in ta mutu aka sake kunnawa, sai an ba ta mabuɗi, lambobi arba'in da takwas. Ya rubuta su a takarda, ya ja layi gida-gida, kowace lamba da ɗakinta. A durowa ya ajiye, gara ta fara cin gefe. Ya nuna mini yana salati.

Ni ce na ba shi shawarar. Zan faɗa, don ba wanda zai faɗa mini. Na ce, "Duk bokon nan naka ba ka san yadda ake adana takarda ba? Kai wa baduku ya ɗinke ta a fata ka rataya." Ya ce wallahi Iya kin fi injiniya. Washegari ya zo da ita a wuya, cikin jar fata, a ƙarƙashin riga. Ni da Rakiyya kaɗai muka san abin da ke ciki.

Yana da wa, Malam Abdulƙahhar, mai makaranta a Gagarawa. Mutumin kirki ne, ba ya cin na kowa, amma in ya ga laya a wuyan jariri sai ya tsinke ta ko uwar na kuka. Yana son ƙaninsa ƙwarai. Shi ya riƙa goya shi zuwa makaranta lokacin da ƙafar ke ciwo.

Bara da bazara batiran suka fara kumbura. Wata Alhamis, ranar kasuwa, Nata'ala ya hau babur zuwa Gumel neman sababbi. A hanya wani bijimi ya ƙwace daga hannun masu kora ya faɗo titi. Ko asibiti ba a kai da shi ba. Shekararsa arba'in da ɗaya, 'ya'ya huɗu.

Malam ne ya yi masa wanka. Mu mata muna cikin gida, Rakiyya ba ta san ma inda take ba. Ni kaina takardar ba ta faɗo mini a rai ba. Bayan an kai shi, Malam ya sa kwaɗo a shago ya ce kayan marayu ne, ba mai taɓawa sai an zauna rabon gado. Gaskiyarsa ce. Ina tuyata a ƙofa, ina jin akwatin na gurnani a ciki ita kaɗai, saƙonni na shiga suna fita kamar mai ita na nan.

Kwana talatin da 'yan kai, masu waya suka fara zuwa wurina, kamar ni ce injiniyar. Kwaɗon ya ɓace, wani jan rubutu ya fito, waya ta ƙi shiga. Ranar da ke bango ta wuce.

Aka kira Nura daga Gumel, abokinsa da suka koyi aiki tare a Kano. Damina ta riga ta zauna, kwana uku ba a ga rana ba. Malam ya zo ya buɗe shago. Injin batir yana ta ƙara, ɗit, ɗit. Nura ya duba ya duba, ya ce ba shi da kalmar shiga ta mai gida, don haka ba zai iya sabunta satifiket ba. Ya ce, "Kada wanda ya kashe ta. In ta mutu sai da mabuɗi. Ina mabuɗin?"

Na ce, "Yana wuyansa. Cikin jar fata. Malam, kai ka yi wanka."

Malam ya dube ni, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Na farke ta. Na ga hatimi, gida-gida da lambobi. Na ce kada mutane su gani su ce ƙanina ya mutu da wannan a wuya. Na sa ta a murhu."

"Hatimi? Kai da ka yi shekara talatin kana karatu, ba ka iya tambaya ba? Matarsa na ɗaki, ni ina tsakar gida!"

"Asiri na rufa masa, Iya."

"Ka rufa. Ka rufe har da ɗana."

Na faɗa, kuma na so in ƙara. Sai na tuna wadda ta aika shi wurin baduku.

Nura ya ɗauki wayar shago yana juya ta a hannu. Can ya ce akwai dabara ɗaya. Waya da kwanan wata take gane takarda ta mutu. Ya shiga ya mayar da kwananta baya, zuwa wani yini da Nata'ala ke raye. Sai ga ɗan kwaɗon ya dawo, kore shar.

Amma saitin marigayi na nan, wayar ba ta ajiye komai. Sai dai a kunna saƙo a fili, a kanga wata waya ta ɗauka, ɗaya bayan ɗaya, kowane da tsawonsa. Kafin a ce haka labari ya zaga. Mata goma sha ɗaya suka tsaya a ƙofa cikin yayyafi, kowace da wanda take son ji. Nura ya ce batir ba zai kai awa ba. Malam ya tattare babbar riga ya fita da gudu neman janareta.

Ni aka fara sawa, don na fi kowa tsufa. Nura ya ce, "Iya, goma sha bakwai ne. In an ɗauke duka, rabin lokacin ya tafi."

Na leƙa waje. Safara'u na gaba, wadda mijinta ya rasu a Libiya, tana riƙe da yarinyar da ba ta taɓa ganin ubanta ba. Ina da baki, amma ba ni da wannan taurin ran.

Na ce, "Ɗauki ɗaya."

"Wanne?"

"Na iya karatu ne? Danna wanda yatsanka ya faɗa."

Ya danna, ya ajiye wayoyin biyu baki da baki, ya fita ya ja ƙofa, yadda mai shagon zai yi.

Mata bakwai suka samu. Ana cikin ta takwas ƙarar ta tsaya, gurnanin ya ɗauke. Ba a fi minti goma ba sai ga Malam ya turo janareta a baro, rawani ya warware, taɓo har gwiwa. Ya ga fuskokinmu. Ya saki baron ya zauna a ƙasa cikin ruwa, ba wanda ya iya ce masa tashi.

Akwatin tana ɗakin Rakiyya yanzu, an lulluɓe ta da zane. Nura ya ce ba abin da ya goge, duk muryoyin suna ciki lafiya lau, sai dai ba mai buɗewa har a tashi duniya. Ya ce aikin abokinsa ba shi da ɓaraka ko ɗaya. Wai yabo ne.

Nawa guda ɗayan ya zuba mini a memori na sa a rediyo. Ba na ƙarshen ba ne, ba kuma wanda a cikinsa ya ce in yafe masa ba ne. Wani ne na tsakiya, gajere, ana jin iska a bayansa da yayyafin ranar a kan kwanon shago. Ga abin da ya ce: "Iya, ina kwana. Sanyi ake yi a nan ba kaɗan ba. Akuyar nan ta haihu kuwa? In ta haihu kada ki sayar, ki bari in zo. To, layi ne, wani na jira."

Sauran goma sha shidan ina bitarsu a ka ina tuya. Da na haddace su tsaf. Jiya na nemi farkon na tara na rasa.