Takardar Tanko a Hannun Sule

Haƙƙin malami baƙo ne a kan abokan aikin da ya tarar su sanar da shi halin gari kafin su damƙa masa rajista. Ni ba a sauke mini wannan haƙƙi ba, kuma har gobe ranar da na gane haka ba ta bar zuciyata ba.

Daga Damagaram na zo, inda na koyi lissafi da rubutun boko a lakwal, wato makarantar Faransawa. Na tsallako iyaka ta Maigatari bayan girbin gero, aka ba ni aji a wata sabuwar makaranta a ƙasar Gumel. Babban malaminmu, Malam Ilu, ya ba ni ɗaki da tabarma da randa, ya nuna mini inda ake durƙusawa da inda ake cire takalmi. Abu guda ya ɓoye mini.

A lokacin, umarni ne kowane dagaci ya kawo ɗansa makaranta. Aikina in rubuta sunan yaro da na ubansa, in kira kowace safiya, in sa alama. Da wannan rajista Baturen makaranta yake ba da takardar shaida, da takardar kuma ake samun aikin malamin hakimi.

Cikin ajina akwai wani da aka kawo daga wajen Gagarawa, aka ce in rubuta Sule ɗan dagaci. Shekara uku ina kiran Sule yana amsawa. Ban taɓa koyar da mai kaifin kai irinsa ba; in zazzaɓi ya kwantar da ni, shi ke riƙe ajin.

Ranar ba da takardu, Bature ya kira sunan. Sai wani saurayi da ban taɓa gani ba ya sauko daga kan doki, ya gyara rawani, ya karɓa. Ɗalibina kuwa yana tsaye bakin zaure, riƙe da linzamin dokin.

Na je na ce, "Sule, me kake yi a nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Allah gafarta Malam, Tanko sunana. Babana ke yi wa dokin dagaci ciyawa."

Ashe dagacin tsoro ya yi kada boko ya ɓata masa ɗa, ya turo ɗan baransa da sunan ɗan cikinsa. Da ya ga akwai aiki a ƙarshen karatun, sai ya tuna yana da ɗa.

Na sami Malam Ilu na gaya masa abin da na gani. Ya yi dariya ya ce, "Haba Badamagare, ai kowa ya sani. Rabin ajinka haka yake."

"Ni ban sani ba, Malam. Me ya hana ka gaya mini?"

"Da na gaya maka, za ka rubuta?"

Na wuce wurin Bature na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya karɓi takardar nan bai taɓa zama a ajina ba, bai san baƙi ko ɗaya ba." Ya jawo rajista ya buɗe. Ya tambaye ni hannun wane ne wannan, na ce nawa. Ya ce to hannuna ya shaida Sule ɗan dagaci bai yi fashi ko sau ɗaya ba. Ya rufe.

Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, ku sani ba maƙaryaci aka nema ya riƙe rajistar ba. Mai gaskiya aka nema wanda bai san gari ba, don hannunsa ne ba a tuhuma. Tun daga ranar ba na rubuta sunan yaro sai na keɓe shi na tambaye shi wa ya haife shi.

Yau Sule ne malamin hakimi. Tanko na zaune bayansa a tabarma, shi ke rubuta masa kowace wasiƙa.

Saboda haka ina roƙon hukumar makarantu ta kira su biyun, ta ba kowannensu allo da alli a gabana da gaban Malam Ilu, ta karanta musu layi uku su rubuta. Wanda ya rubuta, a sa sunansa da na ubansa a takardar.